Superman na asali tsalle yake yi ko tashi sama?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya game da baiwar da aka ba Superman, kuma ina fata waɗanda suka daɗe suna karanta labaran zane za su warware mini ita. Tun ina yaro na san shi a matsayin mutumin da yake tashi sama ba tare da fiffike ba, yake hango abin da ke bayan bango, yake fitar da zafi daga idanunsa har ƙarfe ya narke, kuma babu makamin da yake huda jikinsa. Kwanan nan sai na samu sabon bugu na labarinsa na farko, wanda ya fito a mujallar Action Comics lamba ta 1 a shekarar 1938, na zauna na karanta shi tiryan-tiryan ina jiran wurin da zai tashi, amma har labarin ya ƙare ban ga ya tashi ba. Tsalle kawai yake yi. Shafin farko ma ya ƙayyade iyakarsa a fili, inda ya ce yana iya tsallake kashi ɗaya cikin takwas na mil, ya haye bene mai hawa ashirin, ya tsere wa jirgin ƙasa a guje, kuma abin da bai kai harsashin igwa ba ba ya ratsa fatarsa. Wannan magana ta ƙarshe ta ba ni mamaki, domin ma'anarta ita ce harsashin igwa yana iya yi masa rauni.

To, yaushe ya fara tashi, kuma wa ya yanke wannan shawara? Sannan ban ga an ambaci rana ko kaɗan a matsayin tushen ƙarfinsa ba, alhali a yau kowa da ita yake kafa hujja. Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne musun da muka yi da wani abokina a kan ko Superman yana buƙatar numfashi a sararin samaniya, ni na ce ba ya buƙata, shi ya ce yana buƙata, kuma kowannenmu ya rantse cewa da idonsa ya karanta.

Tsohon Makaranci ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da musunku domin shi ya fi sauƙi: kai da abokinka duk kun faɗi daidai, sai dai kowannenku Superman na wani zamani ya karanta. Ba a taɓa zama wuri ɗaya an rubuta iyakar ƙarfinsa an ce daga nan ba ƙari ba ragi ba. Duk wanda ya tambaye ka abin da Superman yake iyawa, kafin ka ba shi amsa sai ka tambaye shi na wace shekara yake nufi.

Samari biyu ne daga birnin Cleveland na Amurka suka ƙirƙiro shi, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, kuma sun sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. Superman ɗin da suka zana mutum ne mai ƙarfi fiye da kima, amma ƙarfin da idon mai karatu zai iya aunawa. Ka duba bangon mujallar da ke hannunka, mota ce koriya ya ɗaga sama yana rotsa ta a jikin dutse, mutane suna gudu a firgice, ɗaya ya dafe kai da hannu biyu. A cikin labarin kuwa ya ɓalle ƙofar ƙarfe a gidan gwamna domin ya ceci wata mata da za a kashe bisa kuskure, ya yi wa wani mai dukan matarsa ligi-ligi har wuƙar mutumin ta karye a jikinsa, sannan ya sungumi wani dillalin rashawa ya yi ta gudu da shi a kan wayoyin tarho. Abokan gabarsa na farko mutane ne irinmu, masu zalunci da cin amana, saboda haka tsalle da ƙarfin damtse sun ishe shi. Bayanin da aka bayar a lokacin shi ne cewa mutanen duniyarsa sun riga mu ci gaba ta fuskar ginin jiki da miliyoyin shekaru, aka kuma kawo misali da tururuwa mai ɗaukar abin da ya ninka nauyinta da kuma fara mai dogon tsalle. A 1939, da aka ba shi mujallarsa ta kansa, sai aka ƙara da cewa duniyarmu ba ta kai tasu girma ba, don haka ƙarfin da take janyo abu ƙasa da shi bai kai na can ba, jikinsa kuma an gina shi ne domin ɗaukar wancan nauyin.

Tashi sama kuwa ba daga takarda ya samo ƙarfinsa ba. A watan Fabrairun 1940 aka fara wasan kwaikwayonsa a rediyo, kuma a rediyo babu abin da ya fi sauƙi kamar a sa mutum ya tashi, ƙarar iska kawai za a saka, mai sauraro ya ƙarasa sauran a zuciyarsa. Sai kuma 1941, lokacin da kamfanin 'yan'uwan nan Fleischer ya fara fitar da gajerun finafinansa na zane mai motsi. Da suka gwada zana shi yana tsalle daga wannan rufi zuwa wancan, sai suka ga abin ya fi kama da na ban dariya, gwarzo yana ta dira kamar kwaɗo, don haka suka nemi izini su bar shi ya tashi, aka kuma ba su. Mujallun sun bi sahu a hankali, kuma akwai 'yan shekarun da idan ka kalli zanen ba za ka iya tantance ko tsalle ne ko tashi ba, domin za ka gan shi ya yi kwana a tsakiyar iska, abin da mai tsalle ba ya iyawa. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1940 maganar ta zauna.

Matsalar ita ce da zarar ya tashi, tsohon bayanin ya rushe. Ƙarfin tsoka yana sa mutum ya yi tsalle mai nisa, amma ba ya sa shi ya tsaya cak a iska, balle ya sa idonsa ya ratsa bango. Shi ya sa aka nemo wani tushe, kuma a 1960, a Action Comics lamba ta 262, aka kawo bayanin cewa ranar da ke haskaka Krypton, duniyarsa ta asali, ja ce, tamu kuwa rawaya ce, kuma hasken rawayar rana ne yake ba shi baiwar da tsoka ba za ta iya bayarwa ba. Ka ga kenan shekara ashirin da biyu ya yi yana aiki kafin a jingina ƙarfinsa da rana.

Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa ƙarshen na 1960, a ƙarƙashin edita Mort Weisinger, abin ya wuce gona da iri. An zana shi tun yana saurayi yana jan jerin duniyoyi da sarƙa, an zana shi ya yi atishawa ta tarwatsa wata rana da duniyoyinta, yana keta zamani ya koma baya idan ya ga dama, yana jefa muryarsa ta fito a wani gari. A wani labari na 1958 har wani ɗan ƙaramin Superman yake fitowa daga hannunsa ya je ya yi masa aiki. Wannan shi ne wanda ba ya buƙatar numfashi, wato naka. Na abokinka kuwa na John Byrne ne. Bayan kamfanin DC, mai buga mujallun Superman, ya rushe tsohon tarihin jarumansa a 1985 zuwa 1986, Byrne ya sake gina Superman daga tushe, ya rage masa ƙarfi sosai, ya mayar da ƙwayoyin jikinsa kamar batir mai tara hasken rana a hankali tun daga yarinta, ya kuma sa dole ya cika huhunsa da iska ya riƙe kafin ya fita sararin samaniya, idan tafiyar mai nisa ce kuwa sai ya ɗauki abin shaƙar iska. Kafin Byrne ma an taɓa gwada ragin, a 1971, lokacin da Dennis O'Neil ya rubuta jerin labaran da suka zaftare masa wani kaso na ƙarfinsa, sai dai ba a daɗe ba marubutan da suka biyo baya suka mayar masa da abinsa.

Malamar Kimiyya ta amsa:

Malam ya gama da tarihi, ni kuma zan ɗan taɓa lissafi, domin na lura cewa Superman na 1938 ya fi duk waɗanda suka biyo bayansa kusanci da hankali, ko da yake misalin da aka kafa masa hujja da shi gurgu ne.

Kashi ɗaya cikin takwas na mil kusan mita 200 ne. Idan muka ajiye turjiyar iska a gefe, wanda zai tsallake wannan tazara a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai ya bar ƙasa da gudun kusan mita 45 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 160 a awa, zai yi daƙiƙa shida da 'yan kai a sama, kuma ƙololuwar tsallensa za ta kai kusan mita 50. Bene mai hawa ashirin kuwa tsayinsa yana kusa da mita 60. Wato alƙaluman biyu da Siegel ya bayar sun yi kusa da juna ƙwarai, mutumin da ya iya ɗaya zai iya ɗayan. Ko da gangan ya yi ko dace ne, abin ya burge ni.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne wajen tururuwa. Tururuwa ba ta ɗaukar abin da ya ninka nauyinta don tana da wata tsoka ta musamman, ƙanƙantarta ce take taimakonta. Ƙarfin tsoka yana tafiya ne da kaurinta, nauyin jiki kuwa yana tafiya da girman jikin gaba ɗaya. Idan aka ninka tsawon halitta sau biyu ta kowace fuska, ƙarfinta zai ninku sau huɗu, nauyinta kuwa sau takwas. Galileo ya bayyana wannan tun 1638. Saboda haka tururuwar da aka mayar girman mutum ba za ta ɗaga mota ba, da ƙyar ma ƙafafunta su ɗauke ta.

Batun rana ya fi wannan rauni. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya yana kai kimanin wat 1,000, kuma gefen jikin mutum da ke fuskantar rana bai cika murabba'in mita ɗaya ba, amma mu yi masa alfarma mu ce ya cika, mu kuma ce ba ya asarar ko ɗigo. Ɗaga mota mai nauyin tan ɗaya zuwa tsayin mita biyu yana cin makamashin da zai tara a cikin daƙiƙa ashirin, wannan ba laifi. Amma ɗaga jirgin ruwa mai tan 100,000 tsayin mita ɗaya tak yana buƙatar abin da zai tara a kwana goma sha ɗaya da ɗoriya, da sharaɗin rana ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Mai jan duniyoyi da sarƙa kuwa ba a ma fara lissafinsa. Wani abin kuma, ranarmu ba rawaya ba ce a haƙiƙa, fara ce idan aka kalle ta daga wajen iskar da ta lulluɓe duniya. Abin da yake daidai a labarin shi ne taurari jajaye ba su kai ta zafi ba, domin fuskar ranarmu tana kusa da digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, nasu kuwa ya yi ƙasa da haka nesa.

Abin da ya fi damuna ba ma makamashin ba ne, wurin riƙo ne. Wanda ya sa tafin hannu biyu a ƙarƙashin jirgin ruwa ya ɗaga, ba jirgin zai ɗaga ba, huda shi zai yi ya wuce kamar allura a cikin sabulu, ko kuma jirgin ya karye biyu saboda nauyin kansa. Haka nan wanda ya faɗo daga dogon bene aka tare shi farat ɗaya da hannun da ya fi ƙarfe tauri, babu bambanci tsakanin hannun da daɓen da zai faɗa a kai. Byrne ya lura da irin wannan, shi ya sa ya nuna cewa kaya sukan yi wa Superman sauƙi idan yana cikin tashi, kamar dai ikon da yake ɗaga jikinsa da shi yana naɗe abin da ya riƙe. Ba kimiyya ba ce, amma aƙalla marubucin ya san inda ramin yake.

Alƙalamin Dare ya amsa:

Ina girmama bayanin malam da na malama, amma ban yarda da abin da ke ƙarƙashin maganarsu ba, wato cewa ƙaruwar ƙarfin nan ɓarna ce da ake ta ƙoƙarin gyarawa. Marubutan zamanin Weisinger sun san sarai cewa babu wanda zai iya doke jaruminsu da dambe, don haka suka daina rubuta labarin dambe. Suka koma tambayar yadda zai ceci mutane ba tare da asirin Clark Kent, sunan da yake ɓuya da shi a cikin mutane, ya tonu ba, da yadda zai yi da birnin Kandor na Krypton da aka ƙanƙantar aka sa a kwalba alhali duk ƙarfinsa bai iya mayar da shi girmansa ba, da yadda mai iya jan duniyoyi ya kasa hana iyayen da suka rene shi mutuwa. Waɗannan labaran sun fi zama a zuciyata fiye da na 1992, inda aka kawo wani dodo mai suna Doomsday suka yi ta naushin juna har duka biyun suka faɗi. An sayar da mujallar kamar me, amma ba a yi shekara ba aka dawo da shi da rai.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce All-Star Superman na Grant Morrison da Frank Quitely, wanda ya fito daga 2005 zuwa 2008. A can ba rage masa ƙarfi aka yi ba, ƙara masa aka yi. Ya kusanci rana fiye da kima, jikinsa ya sha hasken da ya fi ƙarfinsa, ƙarfin ya ninku, kuma wannan ƙarin ne yake kashe shi sannu a hankali. Wurin da masu karatu suka fi tunawa a cikinsa duka ba wurin ɗaga wani abu ba ne, shafi ɗaya ne da ya sauka a bayan wata yarinya da ke tsaye a bakin rufin bene tana shirin faɗawa, ya yi mata magana, ya rungume ta. Baiwar da ta yi aiki a wurin ita ce jinsa, domin da kunnensa ya tsinkayi halin da take ciki daga nesa.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na nuna wa abokina amsar farko, kowannenmu ya sauko. Saura abu ɗaya: idan a 1938 harsashin igwa yana iya yi masa rauni, ashe ba a buƙatar kryptonite, dutsen nan mai raunana shi, kenan. Shin tare da shi aka ƙirƙiro dutsen, ko daga baya ne? Kuma me ya sa dalma take tare masa gani?

Tsohon Makaranci ya sake amsawa:

Daga baya ne, kuma hasashenka daidai ne, sai da ƙarfin ya ƙaru aka nemi abin da zai karya shi. Siegel ya rubuta wani labari a 1940 game da wani ƙarfe daga Krypton mai raunana shi, amma kamfanin bai buga ba. Sunan kryptonite a rediyo ya fara fitowa a 1943, bai shiga mujalla ba sai 1949, kuma a wannan fitowar ta farko ja ne, daga baya aka tsayar da shi kore. A zamanin Weisinger aka rarraba shi launi-launi: kore yana raunana shi har ya kashe shi idan ya daɗe kusa da shi, ja yana jawo masa wani sauyi na ban mamaki na ɗan lokaci, mai ruwan zinariya kuwa yana raba ɗan Krypton da baiwarsa har abada. Dutsen ya yi yawa a labaran har ya zama kowane ɗan fashi yana da guntunsa a aljihu, shi ya sa O'Neil ya buɗe labarinsa na 1971 da mayar da duk kryptonite da ke duniya ƙarfe, har aka zana Superman yana gatsar guntu yana taunawa a gaban wanda ya zo yi masa barazana da shi.

Dalma kuwa aro ce daga asibiti. Tun da Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wato X-ray, a 1895 aka san cewa dalma tana tare shi saboda nauyinta da cunkushewarta, shi ya sa ake sa wa mutum rigar dalma a ɗakin hoto. Da aka laƙaba wa ganin Superman sunan wannan haske, sai ya gaji iyakarsa, kuma dalmar ce dai take tare tururin kryptonite, don haka a akwatinta ake ajiye shi. Malama za ta iya cewa hoton ƙashi na gaske yana buƙatar hasken ya ratsa abu ya faɗa a kan faranti a ɗaya gefen, ba ya dawowa cikin idon mai kallo, kuma gaskiyarta ne. Zafin idon da ka ambata ma da farko ba baiwa ce mai zaman kanta ba, cewa ake yi zafin wannan hasken ne yake narkar da abu, sai a farkon shekarun 1960 aka raba su gida biyu.

Akwai rauni na uku da ba ka tambaya ba, wato sihiri, wanda yake kama shi kamar yadda yake kama kowa. Tun 1944 aka kawo masa wani ɗan tsurut mai suna Mxyzptlk daga wata duniya ta daban, wanda naushi ba ya yi masa komai, kuma hanyar korarsa ɗaya ce, a yaudare shi ya faɗi sunansa a juye, sai ya koma inda ya fito na kwana casa'in.